Hasken Leza da Baƙar Fata: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Na'urar?

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Cire gashi da hasken leza ya shigo gidajen kwalliya a Abuja da Kano da Kaduna, amma har gobe wasu likitocinmu kallon ado suke yi masa, kamar halawa da dilkar da ake yi wa amare. Na daɗe ina ja da wannan ra'ayi. Halawa tumɓuke gashi take yi, ya sake tsirowa. Leza kuwa ƙona saiwar gashin take yi a cikin fata, da gangan. Wanda duk zai ƙona wani sashe na jikin mutum aikin likita yake yi, ko me aka rubuta a allon shagonsa.

A shekarar 1983 Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka wallafa ƙa'idar da aikin ya ginu a kanta, a mujallar Science. Idan aka zaɓi hasken da ya dace, aka harba shi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, abu mai launi zai sha zafin kafin zafin ya yaɗu zuwa naman da ke kewaye. Abu mai launi a gashi shi ne melanin. Gashin ya sha hasken, zafi ya gangara saiwa, ya lalata ƙwayoyin da ke haifar da sabon gashi. Shi ya sa furfura ba ta jin leza, kuma shi ya sa aske gashin ake yi kafin aiki, ba a tsige shi. Gashin da ke kan tsirowa kaɗai hasken ke kamawa sosai, don haka sai an maimaita kamar sau shida ko fiye, da tazarar makonni. Masu tallar cewa gashi zai tafi har abada a zama ɗaya yaudarar jama'a suke yi. Ko hukumar magunguna ta Amurka ragin gashi mai ɗorewa ta amince a ce, ba ƙarewarsa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Melanin ɗin nan da ake hari a gashi, shi ne cike a fatarmu. Baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafin rana, haka abin yake a nan. Kowace leza da tsawon zangon haskenta: lezar rubi tana aiki a nanomita 694, alekzandirait a 755, dayod wajen 810, Nd:YAG kuma a 1064. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yadda melanin ke zuƙar hasken. A jikin Bature mai baƙin gashi, 755 na wuce fata ta sami gashi. A jikinmu, mu da ma'aunin Fitzpatrick ya ajiye a mataki na 5 da na 6, fatar ce ke fara shan wutar. Nd:YAG ta fi nutsawa ƙasa, saman fata bai cika kama ta ba, ita ce ta dace da mu, tare da sanyaya wurin. Wannan lamba, 1064, ina so kowane ɗalibi a ɗakin nan ya haddace ta.

Idan aka yi kuskure, alamar ba ta ɓoyuwa: tabo a jere a haɓa ko a ƙwauri, kowanne daidai faɗin bakin na'urar, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu sun koɗe sun yi fari. Yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, wani ma ba ya tafiya. Abin ya fi muni ga mai shafa man bilicin, wadda sinadarin sitiroyid ya riga ya sa fatarta ta yi sirara.

Ana ce mini Nd:YAG tsada gare ta, masu shaguna ba za su iya saye ba. Wanda bai iya sayen na'urar da ta dace da fatar masu zuwa wurinsa ba, ya tsaya ga halawa.

Ban ce a hana leza ba. Tana taimakon maza masu fama da ƙurajen aski ƙwarai. Abin da nake nema shi ne NAFDAC ta san irin na'urorin da ke shigowa, majalisar likitoci ta MDCN kuma ta wajabta sa idon likitan fata. A fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri, a jira kwanaki, a sa wa kowa tabarau na kariya. Macen da ta zo da gemu kuwa, a fara tura ta gwajin sinadaran jiki da hoton ƙwan mahaifa don gano musabbabin gemun, kafin a kunna mata na'ura.