Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Lacca Kan Sauraron Ɗaliban Sakandare

 

Akwai wata tambaya da kowane malami a zauren nan ya yi ta sau dubu. Ka gama bayani, ka karkaɗe alli daga hannunka, ka ce: "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya: "Mun gane!" Kai ka san ba su gane ba, su ma sun san ka sani. A haka ake rabuwa lafiya har ranar jarrabawa, ranar da asiri ke tonuwa. Shekaru na yi ina karɓar wannan amsa, kuma ina jin daɗinta, don tana ba ni damar wucewa babi na gaba kafin a kaɗa ƙararrawa.

Wani zango, a wata makarantar kwana da na koyar, sakamakon 'yan ajina ya yi muni har na kasa barci. Da aka dawo hutu na yayyaga takarda na raba musu, na ce kowa ya rubuta abu guda da yake so in canja, kada ya sa suna. Na zaci za su nemi a rage aikin gida. Abin da na tarar ya sanyaya mini jiki. Wani ya ce ina juya musu baya ina magana da allo. Wani ya ce tun farkon zango na karɓi littattafansu ban duba ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya rubuta cewa ran da ya yi tambaya na maimaita ta da irin muryarsa, aji ya fashe da dariya, daga ranar ya kama bakinsa. Wallahi ban ma tuna da faruwar abin ba. Shi kuwa yana ɗauke da shi wata da watanni.

Wannan ba ciwonmu ne mu kaɗai ba. A Amurka wata marubuciya, Kathleen Cushman, ta zauna da matasa arba'in 'yan sakandare, ta tattara shawarwarinsu ga malamai a littafin da ta fitar a 2003 mai suna Fires in the Bathroom. Abin da yaran suka fi nanatawa shi ne a san su, a yi musu adalci, kuma malami ya san abin da yake koyarwa. Daga baya, tsakanin 2009 da 2013, gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ɗauki nauyin wani babban bincike kan malamai kimanin 3,000, inda aka yi amfani da tambayoyin da Ronald Ferguson na Jami'ar Harvard ya tsara don ɗalibai su bayyana yadda ajinsu yake. An gano cewa abin da yara suka faɗa game da malami yana tafiya da irin ci gaban da suke samu a jarrabawa. Azuzuwan da ɗalibai suka ce ba a ɓata lokaci a cikinsu, kuma malami ba ya barin su su tsere wa abu mai wuya, su ne suka fi ƙaruwa.

Ina so 'yan uwana malamai su riƙe wannan, domin tsoron da muke ji ke nan: in ka tambayi yaro, zai zaɓi malamin da ke ba da labarin ƙwallo ya bar darasi. Yaro yana son irin wannan malamin na rana ɗaya. Amma ɗan aji shida da WAEC da NECO da JAMB ke jiransa ya san wanda ke cutarsa. Ku saurari hirarsu a ɗakin kwana, za ku ji suna cewa, "Malam wane yana da zafi, amma ya iya koyarwa." Wannan yabo ne, kuma ba kowa suke yi wa shi ba.

To me ya sa ba ma tambayarsu? Wasu za su ce tarbiyya ce, yaro ba ya gyara wa babba. Na yarda kunya adon yaro ce, ba kuma ni zan ce a zubar da ita ba. Sai dai mu duba karatun zaure da kakanninmu suka gada. Ɗalibi ne ke zuwa da littafinsa, ko Ahalari ko Ishmawi ko Risala, shi zai ja baƙi, malam ya fassara, kuma ba a wuce wuri sai ya zauna masa. Malam yana jin muryar kowane ɗalibi, a nan yake gane inda harshe ya karye da inda fahimta ta tsaya. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta ga matan karkara ba za su iya zuwa gare ta ba, sai ta tura musu mata malamai da ake kira jaji, ɗauke da waƙoƙi cikin harshen da suke ji. Ta duba halin mai koyo ne tukuna ta tsara koyarwa. Malamin da ya cika allo da rubutu, ya miƙa wa monita littafi ya ce a ci gaba da kwafa, ya tafi ɗakin malamai shan shayi, ba daga zaure ya gaji wannan ba.

Na san uzurinmu, kuma ba ƙarya ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma da yawanmu mun shiga ajin da ya ninka haka, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a taga. Albashi ba ya kai wata. Wannan nauyin gwamnati ne, za mu ci gaba da faɗa mata. Amma yawancin abin da yaran nan ke roƙo ba ya cin ko kwabo. Kiran yaro da sunansa maimakon "kai mai jan wando" kyauta ne. Haka shiga aji a kan lokaci. Haka daina kiran yarinya daƙiƙiya a gaban ƙawayenta, kalmar da ta isa ta sa ta ce wa iyayenta ta haƙura da boko.

Bari in ɗan tsaya kan harshe, don nan ne ƙorafin ya fi yawa. Yaro ya fito daga firamare Turancinsa bai nuna ba, sai a haɗa shi da kimiyya cikin Turanci zalla. Yana kokawa da abu biyu a lokaci guda, ya rasa wanne ne ya kayar da shi. Ɗalibai suna cewa, "Malam, a ɗan yi mana da Hausa." Wasunmu na ɗaukar wannan a matsayin ƙasƙanci. Ni kuwa ra'ayina, ka warware masa ma'anar da Hausa cikin minti biyu, sannan ka mayar da shi Turancin da zai rubuta jarrabawa da shi, ka sa ya faɗa da bakinsa. Wanda ya haddace abin da bai fahimta ba, shi ne gobe zai shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda a cikin safa.

Sai bulala. Abin mamaki, yaran ba su cika cewa a daina horo ba. Abin da ke ƙona musu rai shi ne a doki aji gaba ɗaya saboda laifin mutum ɗaya, ko a ƙyale ɗan mai kuɗi a kama ɗan talaka kan laifi iri guda. Matashi ɗan shekara goma sha biyar yana da ma'aunin adalci mai kaifi, kuma da zarar ya auna ka ya ga ka gaza, iliminka ma ba zai shige shi ba.

Wani zai ce, ashe duk abin da suka rubuta sai a bi? A'a. A cikin takardun nan nawa akwai wanda ya nemi a soke darasin ranar Juma'a. Na karanta musu shi, muka yi dariya, na ce wannan kam babu. Amma na faɗa musu abubuwa biyu da zan gyara, na kuma gyara a idonsu. Da ka tambaya ka watsar, gara ma ba ka tambaya ba, domin karo na biyu "Mun gane" kawai za su rubuto maka.

Shugabannin makarantu, ina roƙonku kada ku mayar da wannan sandar dukan malami. Ku bar takardun a hannunsa, shi da ajinsa. Iyaye, in yaro ya dawo gida, ku tambaye shi abin da bai gane ba yau. Ku kuma 'yan uwana malamai, kafin ƙarshen zangon nan kowa ya yaga takarda ya raba wa aji ɗaya, ya ce kada a sa suna, ya karanta shi kaɗai a gida.