Waƙa a Tsakiyar Labari



Duk wanda ya saba kallon finafinan soyayya na Kannywood ya san tsarinsu tun kafin labari ya yi nisa: saurayi da budurwa suna son juna, iyaye sun zaɓa mata wani, ko kuma wani attajiri ya shigo tsakani. Can sai labari ya tsaya cak, a koma wani lambu mai furanni, a sauya tufafi, a rera waƙa ana amsa wa juna. Daga finafinan Indiya muka ɗauko wannan salo, waɗanda gidajen sinima na Kano suka daɗe suna haskawa tun kafin a yi fim ɗin Turmin Danya a 1990.

A ganina waƙar nan tana da aiki babba. Inda kunya ke hana budurwa furta abin da ke ranta a gaban manya, waƙa ce ke faɗinsa a madadinta, kuma mai kallo ya gane. Shi ya sa ta samu gindin zama a wurinmu.

Finafinan barkwanci na Camama kuwa tafarkinsu daban ne: ƙauye, hayaniya, da jarumi irin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda shigarsa kaɗai ke sa dariya. Finafinai masu dogon zango irin Kwana Casa'in sun fi ba zance da makircin siyasa ƙarfi.

Kirana ga masu shirya fim: idan za ku sa waƙa, ku tabbata labarin ne ya neme ta, kuma ta matsar da shi gaba.