Jawabi Ga Hakimai A Kan Farfaɗiyar Yara

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba bugun iska ba. Sanƙarau ko wahalar haihuwa kan jawo ta. Ba a ɗaukarta ta miyau, saboda haka kada a guji yaro in ya faɗi. A janye shi daga wuta ko bakin rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa kome a baki. In ta zarce minti 5, sai asibiti.

Yaron da ke yawan faɗuwa, tun ba da dare ba, yana iya mutuwa farat ɗaya cikin barci. Shan maganin likita kullum ba fashi shi ke rage wannan hatsari. Lalle Hakimai su umurci Dagatai da Masu Unguwa su sanar da iyaye.