Jawabi Ga Masu Tarbiyyar 'Yan Sikawut

Ya 'yan'uwa, idan kun kai yaranmu gaban dutsen tunawa da 'yan mazan jiya ran 15 ga Janairu, ku fara gaya masu ko su wa ake tunawa. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon ta ƙasar Bama, an rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kaburburansu ba, har da kakanninmu da aka kai yaƙi can tsakanin 1943 da 1945. Yaron da ya san wannan ba zai hau dutsen yana wasa ba. Sai dai ku tsare iyaka: ba rusunawa, ba shafar dutse don neman albarka. Ya natsu, ya yi wa Musulminsu addu'a, ya wuce.