Babban Malam-buɗe-littafi na Kurmin Afirka



Malam-buɗe-littafin da zan yi magana a kansa yau ba irin wanda yara ke kora a bayan gida da damina ba ne. Masana suna kiransa Papilio antimachus, kuma duk Afirka babu kamarsa wajen girma. In namijin ya buɗe fukafukansa sukan kai santimita 23, watau kimanin inci 9. Launinsa ja-ja ne mai ratsin baƙi, fukafukan gaba dogaye, sirara. Wani Bature na Ingila, Dru Drury, shi ya fara bayyana shi a rubuce cikin 1782, daga wanda aka kamo a Saliyo.

Wanda ya dubi taswira zai ce ƙasarsa faɗi gare ta: daga Gini da Saliyo da Laberiya, ta bi ta Gana da kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon, ta ratsa Kwango har Uganda. Amma taswira takan ruɗi mutum. Cikin ƙasashen nan duka ba ya zama sai a tsohon kurmi mai dogayen itatuwa, inda ruwan sama ke zuba yawancin shekara, irin na Oban a Jihar Kuros Riba. A kurmin ma, can ƙololuwa yake. Namiji kaɗai kan sauko bakin rafi ya tsotsi danshin laka don gishirin da ke ciki. Macen kuwa, wadda ba ta kai shi girma ba, da wuya ta bar saman itatuwa. Shi ya sa aka yi shekaru fiye da 200 bayan Drury ba wanda ya bayyana tsutsarsa.

Jikinsa da dafi, irin mai taɓa zuciya, don haka tsuntsaye ba su cika kusantarsa ba. Masana na zaton tsutsar ce ke tara dafin daga ganyen wata igiyar kurmi, 'yar'uwar kwankwani, wanda maharbanmu na dā suke shafa wa kibiya.

To, a nan ne haɗarin yake. Mai yankan katako manyan itatuwa yake zaɓa, su ne kuwa igiyoyin ke hawa, kuma a samansu macen ke zaune. Ana iya barin daji kore shar, mai wucewa a mota ya ce kurmi na nan, alhali an riga an ɗauke saman da wannan halitta ke zama a kai.