Jawabi bisa yaran da ake cuta

Maganar da ta kawo ni yau tana da nauyi, amma sai mun yi ta.

Yaron da anka cuta ba ya faɗi da baki. Tsoro yake ji, ko kuma an ce mishi in ya faɗi za a kashe shi. Sai ku duba jikinshi da halinshi. Tabon bulala ga baya. Ƙunar wuta ga hannu. Yarinya mai wasa da dariya, sai ta koma shiru, ba ta cin tuwo, tana fitsarin kwance bayan ta daina. In an aike ta wani gida sai ta yi ta kuka. Ku tambayi kanku dalili. Sau da yawa mai cutar ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko dangi, ko mai sayen tallarta.

In yarinya ta faɗa miki, uwa, kar ki buge ta. Kar ki ce ƙarya take. Ki ce mata ba laifinta ba ne. In fyaɗe ne, kar a yi mata wanka, kar a wanke tufafinta. A kai ta gidan likita nan da nan. Akwai maganin kare ta daga cutar sida, amma sai an fara shi kafin kwana 3 su cika. Likita zai ba da takarda. Ku adana ta, shaida ce.

Daga nan sai wurin jandarma ko ƴan sanda. Lambar ƴan sanda 17. Su za su kai magana ga alƙali mai shigar da ƙara. Shi ke tsayawa da sunan jama'a duka, shi ke kai mai laifi gaban shari'a. Yana iya neman a yi zaman shari'a cikin sirri, don kar a kunyata yarinya gaban gari. Tun 1999 Nijar ta kafa alƙalan yara, anka sake gyara dokar a 2014. In gida ne ke da haɗari, alƙalin yara yana iya damƙa yaro ga wani dangi amintacce.

Na san abin da ake yi cikin garuruwanmu. Tsofaffi su taru a zaure, a ce a rufa asiri, a ba uba ƴan jikkuna, magana ta mutu. To asirin wa anka rufa? Na mai laifi. Gobe sai ya tare ɗiyar wani kan hanyar rijiya. Maigari yana sasanta rikicin gona da na aure, amma fyaɗe ba na sasantawa ba ne. Dokar hukunci da anka gyara a 2003 ta tanadi kaso shekara 15 zuwa 30 ga wanda ya yi ma yaron da bai kai shekara 13 ba fyaɗe.

Wanda ke jin nauyin tafiya shi kaɗai, ya sami malamin lakwal ko ungozoma su raka shi. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.