Wanda kamfani ya kora, shin ya halatta mu kai sunansa aikin gwamnati?

 

Ba don na fi kowa iya magana aka ba ni wannan dama ba. Dalili shi ne na yi shekaru ina aiki a sashen kula da ma'aikata, fayil ɗin ɗaukar aiki da na kora sun bi ta hannuna da yawa. Kuma kowa a nan ya san abin da ya tara mu. Tun da aka ce za a buɗe ɗaukar ma'aikata, muka fara ƙarfafa wa yaranmu su cike fom, sai 'yan ɗaya tsagin suka samo takardar korar da wani kamfani ya yi wa ɗaya daga cikinmu, suna ta yawo da ita a Facebook, wai mu matattarar korarru ce. Namu kuma suka fusata, wasu har sun fara neman takardun yaransu don a rama. Kafin a kai ga haka, mu fara sanin abin da doka ta ce.

Littafin dokokin aikin gwamnatin tarayya, wanda galibin jihohi suka kwaikwaya wajen tsara nasu, ya ware mutum biyu da ba a ɗauka sai da amincewar Hukumar Kula da Ma'aikata ta musamman. Na farko, wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Na biyu, wanda ya taɓa yin aikin gwamnati aka kore shi, ko aka umarce shi ya ajiye. Ku lura, aikin gwamnati aka ce. Wanda kamfani mai zaman kansa ya kora ba ya cikin biyun nan. Saboda haka masu cewa duk wanda aka taɓa kora ya haramta ga gwamnati har abada, ba su karanta littafin ba.

Amma kar mu yi saurin tafi. Littafin nan dai ya ce mai neman aiki ya kawo shaidar kyawun hali daga wurin da ya yi aiki na ƙarshe, in bai taɓa aiki ba kuma daga makarantar da ya gama. Sannan dole ya faɗi duk inda ya taɓa aiki, da dalilin da ya sa ya bari. To a nan gizo ke saƙar. Kamfanin da ya kore ka da zargin rashin gaskiya zai rubuta maka takardar yabo? Ba zai yi ba. Ƙofa ba a kulle take ba, amma akwai mai gadi a bakinta, kuma zai tambaye ka daga ina kake.

Abin da yaranmu ke yi, kuma wallahi wasu manya ne ke ba su shawarar, shi ne su goge shekarun gaba ɗaya. Mutum ya yi shekara uku a kamfani, sai ya rubuta wai yana taya babansa kasuwa. Ina roƙonku da girman Allah ku daina. Korar da aka yi maka a baya za a iya saurarenka a kanta, a yi maka uzuri. Ƙaryar da ka rubuta da hannunka ka sa hannu, ita kaɗai ta isa a sallame ka ranar da ta fito. Sabon ma'aikaci yana yin shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma a yanayin da muke ciki, ba a rasa mai rubuta takardar ƙorafi a kanka kafin ka karɓi albashi na uku. Balle asusun fanshonka, wanda ke nuna kamfanin da ya riƙa zuba maka kuɗi wata-wata. Shi ba ya mantuwa.

Sai kuma mu bambanta abu biyu da Hausa ta haɗe da kalma ɗaya. Akwai sallama, inda kamfani ya ce ba ya bukatarka, ya ba ka wa'adi ko ya biya ka kuɗin wa'adin, a rabu. Akwai kuma kora saboda babban laifi, wadda ake yi nan take, yawanci mutum ya tafi ba ko sisi. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira korarru, sallamarsu aka yi don an rage ma'aikata. Je ka karanta takardarka da kyau, wataƙila ma tsoron banza kake ji.

Ita ma korar laifin, ba hukuncin kotu ba ce. A kamfani, manaja shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Na san wani yaro da ya yi aiki a wani kamfanin rarraba kaya, aka samu giɓi a sito, aka tara su su huɗu aka ba kowa takarda rana ɗaya. Ba takardar tuhuma, ba kwamiti, ba wanda ya ce masa me ka sani. Bayan wata bakwai aka gano mai riƙe da makulli ne ke fitar da kayan da dare. Ba wanda ya kira yaron nan ya ce yi haƙuri, takardar kuma tana nan da sunansa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake zargi da laifi ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Irin wannan yaro yana da inda zai je, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'ar aiki, kuma tana da reshe a Kano da Kaduna. Ta sha yanke hukuncin cewa in ka kori mutum da sunan laifi, sai ka tabbatar da laifin, kuma sai ka nuna ka saurare shi. Matsalar talaka ita ce kuɗin lauya da jeka-ka-dawo. Muna da lauyoyi a tafiyar nan, a nan ya kamata mu gan su, ba sai ranar kotun zaɓe kaɗai ba.

Kuma abin da ke ƙona mini rai, tsananin nan a kan ƙanana yake ƙarewa. Ku tuna Abdulrasheed Maina na kuɗin fansho. Gwamnatin tarayya da kanta ta kore shi a 2013, amma a 2017 sai ga shi an dawo da shi ma'aikatar harkokin cikin gida da muƙamin darakta. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi Shugaba Buhari ya ba da umarnin a sallame shi, daga baya a 2021 kotu ta ɗaure shi shekara takwas. Wannan shi ne ainihin wanda dokar ta ambata, ya wuce. Shi kuwa ɗan talakan da mai gidan mai ya kora kan cinikin kwana ɗaya, shi ake yayatawa a intanet.

Yanzu ga ɓangaren da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Ba kowane korarre ne aka zalunta ba. Akwai wanda ya ci kuɗin ajiyar mutane, ya amsa da bakinsa, iyaye suka je suka roƙa aka rufe maganar don kar ta kai ga 'yan sanda. A takarda, kotu ba ta taɓa kama shi ba, doka ba ta hana shi neman aiki ba. A harkar banki ma Babban Bankin Najeriya na riƙe da kundin sunayen ma'aikatan da aka kora saboda zamba don kar wani bankin ya ɗauke su, amma wannan kundi bai shafi ma'aikatar gwamnati ba. Ka ga mutumin da banki ba zai ba shi riƙon naira dubu ba, sai ya wayi gari yana karɓar haraji a kasuwa, ko yana tsara albashin malaman firamare. In ya maimaita hali, ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi yaran su wane ne. Mu da muka fita daga wancan ɓangaren muna cewa ana raba muƙami ba a duba cancanta, da wane baki za mu yi magana?

Na san za a ce ya yi wahalar tafiya, ya sha rana, ya tsare akwati. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a yar da shi. Mutum yakan tuba. In ya biya abin da ya ci, shekaru sun wuce, mutanen unguwarsu sun shaide shi, a taimaka masa da jari ko wani aikin da babu kuɗin jama'a a ciki. Amma ni dai ba zan sa hannu a takardar da za ta kai shi teburin kuɗi ba, ko da ɗan ɗakinmu ne.

Shawarata ga shugabanni ita ce a zaɓi mutum uku, dattijo ɗaya, lauya ɗaya, da ɗaya daga cikin iyayenmu mata. Duk wanda ya san an taɓa korarsa ya same su a asirce da takardarsa, ya faɗi yadda aka yi, su kuma su ji ta bakin wani da ya san maganar. Wanda aka zalunta a taya shi rubuta bayanin da zai haɗa da fom, in da hali a nema masa gyaran takardar daga kamfanin. Takardun yaran ɗaya tsagin da aka ce wasu sun samo kuma, don Allah kar wanda ya ɗora su a shafinmu. Ba mu san wanne ne aka zalunta a cikinsu ba, kamar yadda su ma ba su tsaya sun tambayi namu ba.

Shi ɗan uwanmu da ake yawo da takardarsa, na zauna da shi jiya, na karanta ta, kuma ya yarda shi ne zai fara zuwa gaban kwamitin in an kafa.